Ga Bututu a Ƙofar Gida, Ga Tsadar Mai

Duk mazaunin Izom ya san tashar tura mai ta NNPC da ke kan bututun da aka ja daga Warri zuwa matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980. Ga kuma defot a Suleja. To me ya sa litar fetur ta fi tsada a wajenmu a kan Legas?

Da can ba haka abin yake ba. A 1973 gwamnatin Gowon ta tsayar da farashi ɗaya a duk ƙasa, a 1975 kuma aka kafa asusun PEF mai biyan dillalai kuɗin dako, don kada mutumin Maiduguri ya biya fiye da na Apapa. A takarda ke nan fa, domin in wahalar mai ta zo, 'yan bumburutu ke yanka nasu farashin a galan.

Da fasa bututu ya yi yawa, matatar Kaduna kuma ta tsaya, sai mai ya koma hawa tanka tun daga kudu. Ranar 29 ga Mayu 2023 Tinubu ya cire tallafi, NNPC ta sa lita naira 488 a Legas, 537 a Abuja, 557 a Maiduguri. Kuɗin dakon nan da asusu ke ɗauka ya dawo wuyan direba da ɗan acaɓa, har da manomin da ke kai doya kasuwar Lambata.