Giyar Otomatik a Motocin A-kori-kura Masu Jan Kaya

Giyar otomatik, wadda masu gareji ke kira giyabos ɗin otomatik, na'ura ce da ke karɓar ƙarfin inji ta miƙa shi ga tayoyi, tana kuma sauya giya da kanta ba tare da direba ya taka kuloci ba. A motocin a-kori-kura da ake ɗora wa lodi ko ake jan tirela da su, wannan na'ura tana shan wahala fiye da wadda ke cikin ƙaramar motar gida, shi ya sa ake ƙera ta da faranti masu yawa da hanyar sanyaya mai ta musamman. Babban abin da ke kashe ta shi ne zafi. Saboda haka tuƙinta da kulawa da ita duk sun ta'allaƙa ne kan kare man giya daga ƙonewa, musamman a wuri mai zafi da ƙura irin Katsina.

Tarihi

Kamfanin General Motors na Amurka ne ya fara fitar da giyar otomatik ga jama'a da yawa, mai suna Hydra-Matic, a motocin Oldsmobile ƙirar 1940. Manyan a-kori-kura na Amurka sun samu giya mai jure nauyi sosai daga baya: Allison 1000 ta shiga Chevrolet Silverado masu injin dizal a 2001, Ford ta fito da TorqShift a 2003, sannan Ram ta fara amfani da giyar Aisin AS69RC a 2013.

A arewacin Najeriya sunan a-kori-kura ya shahara ne da Peugeot 404 da 504, waɗanda kamfanin PAN da ya fara aiki a Kaduna a 1975 ya harhaɗa. Duk masu giyar hannu ne, kuma a kansu ne tsofaffin makanikan Katsina da Kano suka koyi sana'a. Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a Japan a 1968, ita ce ta gaje su. Zubinta na takwas da ya fito a 2015 yana da giyar otomatik mai hawa shida. Haka kuma Toyota Tacoma da Tundra da Ford F-150 suna shigowa a matsayin motocin da aka riga aka yi amfani da su ta tashoshin Legas da Kwatano, mafi yawansu masu otomatik.

Yadda take aiki

Sassa huɗu ne ginshiƙinta. Na farko shi ne kwanbata, wani ƙullin ƙarfe cike da mai da ke tsakanin inji da giya, a gurbin kuloci. Aikinsa ya yi kama da fanka biyu da ke fuskantar juna: idan aka kunna ɗaya, iskarta sai ta juya ɗayar, sai dai a nan mai ne ke yin turin. Lokacin tashi, kwanbata na ninka ƙarfin juyin inji kusan sau biyu, wanda ke taimakon mota mai nauyi ta motsa. Amma muddin ɓangarorin biyu ba su juyawa daidai da juna, ƙarfin da ya salwanta yana komawa zafi ne a cikin mai. Don rage wannan, an sa masa wani kuloci a ciki da ke kulle ɓangarorin biyu idan mota ta miƙe da gudu.

Na biyu shi ne jerin haƙoran giya masu kewaya juna, tare da faranti masu kamawa da saki. Na uku shi ne gidan bawul, inda ƙananan hanyoyi da makunnan lantarki ke tura mai zuwa farantin da ya kamata ya kama. Na huɗu kwamfuta ce da ke duba gudun mota da yadda aka taka totur da zafin mai, ta yanke lokacin sauya giya. Famfon da inji ke juyawa shi ke ba wa man ƙarfi. Mai ɗaya ne ke ɗaukar ƙarfi, shi ke matse faranti, shi ke hana ƙarafa cin juna, shi kuma ke kwashe zafi zuwa lagireto.

Yanayin Katsina

Jan tirela ta bayan mota bai yawaita a Katsina kamar a Amurka ko Ostareliya ba. Galibi cikin bodi ake loda buhunan hatsi da siminti da dabbobi. Abin da aka fi ja shi ne motar da ta lalace a hanya, da tankin ruwa, da babban janareta, da kayan 'yan kwangila. Ga giya dai duk ɗaya ne, domin nauyin da ke kan mota da wanda ke bayanta haɗuwa suke yi su zama aiki guda.

A watannin Afrilu da Mayu zafin rana kan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, don haka iskar da ke ratsa lagireto ba ta sanyaya komai sosai. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma ƙurar hunturu na toshe ramukan lagireto. Doguwar tafiya a kan kwalta, kamar hanyar Katsina zuwa Kano ko ta Jibiya zuwa Maraɗi, ba ita ce ta fi wahalar da giya ba, tunda a can kwanbata a kulle yake. Wahalar tana cikin tafiyar hawainiya: lungunan tsohon gari da ke kewayen Hasumiyar Gobarau, cunkoson Ƙofar Ƙaura da bakin Babbar Kasuwa, da kuma rairayin hanyoyin ƙauye da na shiga kasuwannin dabbobi irin na Charanchi da Mai'adua. A irin waɗannan wurare mota mai lodi tana tashi tana tsayawa, kwanbata na sulɓewa, iska kuma ba ta shigowa ta gaba. Man giya da ya kamata ya tsaya wajen digiri 80 zuwa 95 sai ya haura. Idan ya daɗe sama da 120, yakan fara ƙonewa, robobin ciki su bushe, faranti su yi santsi.

Ƙa'idojin tuƙi

Kowace mota tana da iyakar nauyin da za ta ɗauka da wanda za ta ja, a rubuce cikin littafinta. Wasu nau'o'in Hilux na zamani an amince su ja har kilo 3,500 idan tirelar tana da birkinta, amma marar birki iyakarta kilo 750 ne. Idan bodi ya cika, abin da za a iya ja yana raguwa.

Manyan motocin Amurka suna da maɓalli mai rubutun Tow/Haul. Idan aka danna shi, giya na jinkirta hawa sama, tana kuma saukowa da kanta a gangara don taimakon birki. A motar da ba ta da shi, direba ne zai hana ta shiga giya mafi sama, ta hanyar mayar da sandar giya kan S ko lambar da ta dace. Idan aka ji mota tana kai-komo tsakanin giya biyu a kan hawa, sai a tsayar da ita a ta ƙasa, domin kowane sauyi yana cin faranti.

Ba a sauya sanda daga D zuwa R sai mota ta tsaya cak. Ba a riƙe mota a kan hawa da totur, da birki ake riƙe ta. Ba a sakin ta a firi a gangara. Wajen ajiye mota mai lodi, a fara jan birkin hannu kafin a sa P, saboda ɗan ƙarfen da ke kulle giya a P ƙarami ne. Idan mota mai jan ƙafa huɗu ta kafe a rairayi, giyar ƙarfi ta 4L ce mafita, tare da rage lodi; yawan gaba da baya da totur a ƙasa na iya dafa mai cikin 'yan mintuna. Idan fitilar zafin giya ta kama, a sauka gefen hanya, a sa P, a bar inji yana aiki a hankali har fitilar ta mutu, domin kashe inji yana tsayar da zagayawar mai.

Kulawa da man giya

Lafiyayyen man giya ja ne garau a yawancin motoci. Idan aka ɗiga shi a kan farar takarda aka ga ya koma ruwan ƙasa mai duhu, yana warin ƙuna, to ya gama aiki. Idan ya zama ruwan hoda mai kauri kamar an zuba masa madara, ruwan lagireto ne ya shiga, kuma dole a tsayar da motar nan take. A ƙasan kaskon giya akwai maganaɗisu: laushin baƙin gari a jikinsa ba abin damuwa ba ne, amma ɓarɓashin ƙarfe mai sheƙi alama ce ta ɓarna a ciki.

Man giya iri-iri ne kuma ba a gauraya su. Tsofaffin motoci da yawa na amfani da Dexron III ko Toyota T-IV, sababbin Toyota na buƙatar WS, wasu Ford kuma Mercon LV. Zuba man da bai dace ba, ko jabu da aka ɗura a tsohuwar roba, na daga manyan dalilan mutuwar giya. A nan araha ba ta ado, domin kuɗin sabon giyabos ya ninka na mai sau da yawa.

Masu ƙera motoci kan ba da jadawalin sabis biyu, na aikin yau da kullum da na aiki mai tsanani. Jan kaya da ƙura da zafi duk suna cikin na biyu. A Amurka, Toyota ta tanadi a canja man WS bayan mil 60,000, wato kimanin kilomita 96,000, ga motar da ke jan tirela. Sababbin motoci da dama ba su da sandar awon mai. Ana auna nasu ne ta wani noti a ƙasan kasko, mota na tsaye a wuri mai daidaito, inji na aiki, mai kuma yana kan wani ƙayyadadden zafi. Ƙarancin mai na sa giya sulɓewa, yawansa na sa shi kumfa. Wanke lagireto daga ƙura da ƙara wa mota na'urar sanyaya man giya ta daban suna da amfani ƙwarai ga mai jan kaya kullum.

Alamomin lalacewa da gyara

Alamomin farko su ne jinkiri kafin mota ta kama bayan an sa D ko R, duka lokacin sauya giya, inji ya riƙa ƙara amma gudu bai ƙaru ba, da kuma makalewa a giya ɗaya, wanda kwamfuta ke yi da gangan don kare na'urar. Matakin farko shi ne a jona na'urar bincike a karanta lambar matsala, domin sau da yawa waya ce ko makunni, ba sai an sauke giyabos ba. Idan ya mutu, masu motoci a Katsina kan nemi wanda aka riga aka yi amfani da shi daga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas. Kafin a ɗaura shi wajibi ne a wanke bututun mai da na'urar sanyayawa, in ba haka ba dattin tsohon zai shiga sabon.

Motar otomatik ba ta tashi da turi. Idan ta lalace a hanya, ba a jan ta nesa da igiya tayoyin baya na ƙasa, tunda famfon mai ba ya aiki idan inji a kashe yake, ƙarafa kuma za su ci juna a bushe. Ko dai a ɗora ta a kan janwe mai shimfiɗa, ko a kwance farfela kafin a ja.