Sinadaran Alkaloyid Masu Rage Kumburi a Magungunan Gargajiyar Ƙasar Sin

Alkaloyid rukuni ne na sinadarai masu ɗaci waɗanda tsirrai ke samarwa, galibi domin kare kansu daga ƙwari da dabbobi. Kwinin na zazzaɓin cizon sauro da kafin da ke cikin goro duk 'yan wannan rukuni ne. Da yawa daga cikin saiwoyin da masu maganin gargajiya na ƙasar Sin ke bayarwa domin ciwon gaɓɓai da na hanji suna ɗauke da su.

Mafi shahara shi ne berberin, sinadari mai launin rawaya da ake samu a saiwar huanglian, wadda littattafan maganin Sin suka ambata tun kimanin shekaru 2,000 da suka wuce. Ana shan sa domin gudawa da atuni. Sinomenin kuwa daga itacen qingfengteng ake tatso shi, kuma likitoci a Sin suna ba da ƙwayarsa ga masu amosanin gaɓɓai. Akwai kuma tetrandirin daga saiwar fangji, wanda ake ba ma'aikatan da ƙurar duwatsu ta lalata musu huhu.

Kumburi martani ne na garkuwar jiki ga rauni ko ƙwayar cuta, amma idan ya daɗe yakan cinye gaɓa. Gwaje-gwaje sun nuna cewa waɗannan sinadarai suna dakushe furotin NF-kB, wanda ke umartar ƙwayoyin jiki su saki abubuwan da ke rura kumburi. Sai dai akasarin gwaje-gwajen a kan ɓeraye aka yi su, kuma berberin kaɗan ne ke ratsa hanji ya shiga jini.

Haɗarinsu ma ba ƙarami ba ne. Berberin na hana hanta sarrafa wasu magungunan asibiti, yana kuma iya tsananta shawara ga jarirai, shi ya sa ake hana masu ciki da masu shayarwa shan sa. Sinomenin kan jawo ƙaiƙayi da ƙuraje. A farkon shekarun 1990, mata fiye da 100 a Beljiyam sun kamu da ciwon ƙoda bayan an sanya wani tsiro mai guba a madadin fangji cikin maganin rage ƙiba, saboda sunayensu sun yi kama.

Don haka ya wajaba duk mai shan maganin asibiti ya tuntuɓi likita kafin ya haɗa shi da irin waɗannan saiwoyi.