Daga Goro Zuwa Yuraniyam: Tarihin Izini da Binciken Muhalli a Kan Hanyar Paraku

1.0 Gabatarwa

Garuruwan Jugu (Djougou) da Paraku (Parakou) da ke arewacin Jamhuriyar Benin tsofaffin zangunan fatake ne, kuma har yau akwai Hausawa da yawa a cikinsu da ƙauyukan da ke kewaye da su. Wannan maƙala ta bi tarihin wani kaya da ya riƙa ratsa wannan yanki tun daga shekarar 1971, wato garin yuraniyam da ake haƙowa a arewacin Nijar. Yuraniyam ma'adini ne mai fitar da tururin nukiliya. Da shi ake samar da wutar lantarki, kuma da shi ake binciken soja da ƙera makaman ƙare-dangi. Tambayoyin da maƙalar ta tasa a gaba guda biyu ne: wa ya ba wannan kaya izinin wucewa, kuma wa ya binciki illarsa ga mutane da ƙasa da ruwa? Bayanan da ke tafe za su nuna cewa kayan ya riga dokar da ta kamata ta kula da shi zuwa da fiye da shekara 40, tare da bayyana dalilan da suka jawo haka.

2.0 Hanyar Fatake Kafin Zuwan Turawa

A ƙarni na 18 da na 19 ayarin fatake kan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato, su haye kogin Kwara, su ratsa ƙasar Borgu ta Nikki ko Paraku, su ya da zango a Jugu, sannan su nufi Salaga a ƙasar Gwanja. Sukan tafi da kanwa da fatu da tufafi, su komo da goro. A Jugu fadar sarki tana Kilir, baƙin 'yan kasuwa kuwa suna unguwar Wangara. Yankunan karkara da ke kewaye da garin, irin su Bariyenu (Bariénou) wadda a yau gunduma ce a ƙarƙashin Jugu, ƙasar noma ce, kuma daga irin waɗannan wurare ake kawo abincin da ayari ke saye.

Abin lura a nan shi ne tsarin izini na wancan zamani. Ayari ba ya shiga ƙasar wani sarki sai madugu ya kai gaisuwa, an daidaita kan kuɗin da za a biya. A bakin kogi akwai kuɗin fito, a gari kuma akwai mai masauki da ke tsaya wa baƙo. Mai ƙasa yana ganin kayan da idonsa, ya san goro, ya san kanwa, ya kuma san abin da kowannensu zai iya jawowa. Da Faransawa suka shimfiɗa dogo daga Kwatano, ya iso Paraku a tsakiyar shekarun 1930, sai akalar ciniki ta juya. Hanyar gabas zuwa yamma da ta raya Jugu ta ja baya, Paraku kuma ta zama ƙarshen layin jirgi mai tsawon kilomita 438, inda ake sauke kayan Nijar ana lodawa.

3.0 Gwajin Bom a Hamadar Sahara

Mutanen Afirka ta Yamma sun fara sanin tururin nukiliya ne ta hanyar binciken soja. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta fasa bom ɗinta na farko kusa da Reggane a kudancin Aljeriya. Ƙarfinsa ya kai kimanin kilotan 70, wato ya ninka wanda aka jefa a Hiroshima wajen sau huɗu. An yi gwaji 4 a sararin sama zuwa watan Afrilu 1961, sannan aka yi 13 a ƙarƙashin dutse a In Ekker daga 1961 zuwa 1966. A gwajin ranar 1 ga Mayu 1962 ramin bai riƙe ba, ƙura mai guba ta fito ta lulluɓe sojoji da manyan jami'an da suka zo kallo.

Ba a nemi yardar mazauna hamada ba, balle ta ƙasashen da iska ke kai wa ƙura. Awon da Faransa ta yi yana hannun soja ne, an kuma rufe shi a matsayin sirrin tsaro. Sai a 2013 aka saki wasu takardu, cikinsu har da taswirar da jaridun Faransa suka buga a 2014, wadda ta nuna cewa burbushin gwajin farko ya bazu a babban ɓangare na Afirka ta Yamma cikin 'yan kwanaki.

Martanin ƙasashe ya bambanta. Bayan gwaji na uku, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Legas a watan Janairu 1961. A 1964 kuma Nijeriya ta kafa sashen auna tururin nukiliya a Jami'ar Ibadan. Dahome, wato Benin ta yau, da Nijar sun bi wata hanya dabam.

4.0 Yarjejeniyar Tsaro ta 1961

Ranar 24 ga Afrilu 1961, kwana guda kafin gwaji na huɗu a Reggane, ƙasashen Dahome da Nijar da Kwaddibuwa suka sa hannu a kan yarjejeniyar tsaro da Faransa. A cikin rataye na yarjejeniyar an lissafa wasu albarkatu da aka kira kayan tsaro, daga ciki akwai man fetur da yuraniyam. Ƙasashen uku sun amince su riƙa sanar da Faransa manufofinsu game da waɗannan albarkatu, su fifita ta wajen sayarwa, su kuma taƙaita ko su hana sayar wa wasu idan bukatun tsaro suka nemi haka.

Faransa tana da dalilinta. Hukumarta ta binciken ma'adinai ta gano yuraniyam a Azelik da ke ƙasar Agadas tun 1957. A ɗaya ɓangaren kuma, Kanada, wadda take cikin manyan masu haƙo shi, ta yanke a 1965 cewa ba za ta ƙara sayarwa ba sai da sharaɗin aikin zaman lafiya kaɗai. Saboda haka Faransa ta fi son yuraniyam da ba a ɗaura masa sharaɗi ba, wanda za ta iya kaiwa tashar lantarki ko ɗakin binciken soja yadda ta ga dama, kuma a Gabon da Nijar ta same shi. Ya kamata a lura cewa bama-baman da aka fasa a Sahara ba da yuraniyam na Nijar aka ƙera su ba, domin a lokacin ba a fara haƙa ba. Alaƙar da ke tsakaninsu ita ce al'adar sirri: tun kafin a cika ganga ta farko, an riga an sanya wannan kaya a babin tsaro, inda ake magana tsakanin fadar shugaban ƙasa da takwararta, ba tare da jami'in lafiya ko mai unguwa ba.

5.0 Kayan da Hanyarsa

An kafa kamfanin SOMAIR a 1968, ya fara fitar da kaya daga Arlit a 1971. Kamfanin COMINAK ya biyo baya a 1974, ya fara aiki a Akokan a 1978. A 1981 abin da Nijar ta haƙo ya haura tan 4,000. A ma'adinar ake niƙa dutse, a jiƙa shi da ruwan asid, a tace, har a samu wani gari mai launin rawaya wanda kusan kashi uku cikin huɗu na nauyinsa yuraniyam ne. Ana zuba shi cikin gangunan ƙarfe a rufe.

Daga Arlit manyan motoci kan bi ta Agadas da Tawa da Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso zuwa Gaya, su haye gadar Kwara zuwa Malanbil, su ratsa Kandi su iso Paraku, tafiyar kimanin kilomita 1,600. A Paraku ake mayar da kayan cikin jirgin ƙasa na hukumar sufuri ta haɗin gwiwar Benin da Nijar, wadda aka kafa a 1959, zuwa tashar jiragen ruwa ta Kwatano, daga nan sai Faransa. Daga baya, da harkar jirgin ta yi rauni, motoci suka riƙa zarcewa har bakin teku.

Wannan gari ba ya fashewa, kuma tururin da ke ratsa ganga ba shi da yawa. Haɗarinsa yana ga shaƙa ko haɗiyewa. Idan ganga ta fashe, iska ta kwashi garin ko ruwan sama ya kai shi rijiya, yana iya lahanta ƙoda da huhu, kuma gubarsa ba ta gushewa a tsawon rayuwar ɗan'adam. Waɗanda suka fi kusa da shi su ne direbobi da yaran mota da 'yan dako da masu sayar da abinci a tasha.

6.0 Giɓin da Ke Cikin Dokokin Duniya

Dalili na biyu da ya sa kayan ya daɗe ba tare da hukuma mai sa ido ba yana cikin dokokin duniya kansu. A ƙa'idojin da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta tsara a 1972, binciken sufetocinta bai shafi haƙa da tace ma'adini ba. Hujjar ita ce, a yuraniyam na asali kashi 0.7 cikin 100 kaɗai ne nau'in da ke yin bom, sai an inganta shi zuwa wajen kashi 90 kafin ya zama makami. Don haka garin Arlit ya faɗa tsakanin kujeru biyu: a wajen gwamnatoci kayan tsaro ne da ba a tattauna shi a fili, a wajen sufetoci kuwa ma'adini ne kamar kuza. Masaniyar tarihi Gabrielle Hecht ta yi dogon nazari a kan wannan a littafinta na 2012.

Sakamakon ya bayyana. A ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980, zamanin Seyni Kountché, Nijar ta sayar da yuraniyam ga Libiya da Pakistan da Iraƙi, kuma ba ta shiga yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya ba sai 1992. Wannan tarihi ne ya ba wa takardun jabu na cinikin Nijar da Iraƙi kamar gaskiya, har shugaban hukumar ta duniya, Mohamed ElBaradei, ya shaida wa Kwamitin Sulhu ranar 7 ga Maris 2003 cewa ba sahihai ba ne. An fara toshe giɓin da ƙarin yarjejeniyar 1997, wadda ta wajabta wa ƙasashen da suka karɓe ta bayyana ma'adinansu.

7.0 Zuwan Dokokin Muhalli da Lasisi

Al'adar nazarin tasirin aiki ga muhalli kafin a fara shi ta soma ne a Amurka da dokar da aka sa wa hannu a farkon 1970, Faransa kuma ta karɓe ta a 1976. Ke nan an buɗe ma'adinar Arlit kafin a san wannan al'ada a Faransa kanta. A Afirka ta Yamma abin da ya farkar da hukumomi shi ne badaƙalar sharar guba ta 1988, lokacin da aka gano gangunan da aka jibge a Koko a Nijeriya, aka kuma bankaɗo kwangilolin shigo da shara wasu ƙasashe, har da Benin. Tsarin mulkin Benin na 11 ga Disamba 1990 ya ayyana shigowa ko ratsawa ko binne sharar guba ta ƙetare a matsayin laifi ga ƙasa. Yarjejeniyar Bamako ta 1991 ta haramta shigo da shara mai haɗari Afirka, har da ta nukiliya. Sai dai duk waɗannan sun fuskanci abin da ke shigowa ne, ba su taɓa abin da ke fita ba, domin garin yuraniyam haja ce, ba shara ba.

Nijar ta wajabta nazarin muhalli a 1997, ta kafa cibiyar kariya daga tururin nukiliya a 1998, shekara 27 bayan fara haƙa. Benin ta kafa hukumar muhalli a 1995, ta yi babbar dokar muhalli ranar 12 ga Fabrairu 1999, a shekarar kuma ta shiga hukumar nukiliya ta duniya. Nijeriya ta yi dokarta a 1995, hukumar ba da lasisi ta fara aiki a 2001, kuma ƙarƙashin lasisinta ƙaramin injin bincike na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ya soma aiki a 2004. A 2018 aka cire masa yuraniyam mai ƙarfin yin makami aka mayar Sin.

A kan hanya kuwa haɗari bai jira doka ba. A Janairu 2004 wata motar yuraniyam ta yi haɗari a yankin Doso, garin ya zube. A Fabrairu 2017 wata ta kife a Dassa-Zoumé, kudu da Paraku. Dokar Benin mai lamba 2017-29, wadda ta tanadi lasisin mallaka da jigilar kayan nukiliya tare da hukuma ta musamman mai kula da su, ta fito ne ranar 15 ga Maris 2018, shekara 47 bayan kayan farko.

8.0 Kammalawa

An rufe ma'adinar COMINAK ranar 31 ga Maris 2021. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyakar Nijar da Benin, jigilar yuraniyam ta Paraku ta tsaya, sannan a watan Yuni 2025 gwamnatin Nijar ta sanar da mayar da SOMAIR mallakin ƙasa. Hukumar Benin ba ta samu fiye da 'yan shekaru tana kallon kayan da ya shafe rabin ƙarni yana wucewa ba.

Idan aka kwatanta zamanan biyu, za a ga cewa sarkin Jugu na ƙarni na 19 ya fi hukumomin Paraku na shekarun 1970 sanin abin da ke ratsa ƙasarsa, duk da cewa shi ba shi da na'urar awo. Bambancin yana ga wanda ke da ikon tambaya. Lasisi da nazarin muhalli hanyoyi ne na mayar wa mai ƙasa wannan iko, kuma amfaninsu yana ga zuwansu kafin kaya ya taso. Wanda ya zo bayan haka, ihu ne bayan hari, ko da yake yana iya kare masu tasowa idan motocin suka sake kama hanya.