Akwatin zaɓe ɗaya tilo da Baba ya taɓa jefa ƙuri'a a cikinsa a Faransa



Kwanakin baya ina taya Umma gyaran kwaba sai na ci karo da wata takarda da ta fara ja don tsufa. Jerin sunaye ne na wakilan iyaye a lakwal ɗinmu ta firamare a Porte de la Chapelle, na shekarar 1997, kuma sunan Baba na biyar a ciki, an ma yi kuskure wajen rubuta shi. Baba mutumin Maraɗi ne. Ya yi shekara fiye da talatin a ƙasar nan yana aiki yana biyan haraji, bai karɓi takardar zama ɗan ƙasa ba har Allah Ya karɓi abinsa. Bai taɓa zaɓen magajin gari ba, balle ɗan majalisa. Mitterrand ya yi alkawari a kamfen ɗin 1981 cewa baƙi za su riƙa jefa ƙuri'a a zaɓen ƙananan hukumomi, har yau ba a cika ba ga wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba. Amma duk watan Oktoba Baba zai sa babbar rigarsa ya tafi lakwal ya jefa ƙuri'a, don a zaɓen wakilan iyaye ba a tambayar kowa ƙasarsa. Kana da ɗa a makarantar? Shi ke nan, ka isa ka zaɓa, ka isa a zaɓe ka.

Wannan takarda ce ta sa na koma neman asalin abin.

Da farko sai mu gane cewa a Faransa babu hukumar makarantu ta unguwa irin wadda 'yan uwanmu na Amurka ke ba da labari, inda mutanen gari ke zaɓen waɗanda za su riƙe kuɗin makarantu su ɗauki shugabanninsu aiki. A nan an raba ikon ne. Malamai da manhaja da jarrabawa na gwamnatin ƙasa ne. Ginin firamare, da ɗumama shi, da bayan gida, na ma'aikatar magajin gari ne. Kolej na département ne, lise kuma na région, tun dokokin raba iko na 1982 da 1983. Iyaye kuma an ba su kujera a wani zama da ake kira conseil d'école, majalisar makaranta, sau uku a shekara. Darakta ne ke shugabanta, malamai duka suna nan, wakilin magajin gari na nan, sai iyaye, mutum ɗaya a madadin kowane aji.

Ita ma wannan kujera ba ta daɗe ba. Makarantar Jules Ferry, wadda dokokin 1881 da 1882 suka mai da ita kyauta kuma dole, an gina ta ne a kan cewa iyaye su tsaya a bakin ƙofa. Jamhuriya na tsoron limaman coci su shigo ta hannun iyaye, don haka ta rufe ƙofar ga kowa. Waɗanda aka yarda su leƙa daga waje wasu dattawa ne masu aikin sa kai, délégués cantonaux, masu duba tsabta da lafiyar gini da ko yara na zuwa. A 1969 aka canza musu suna zuwa DDEN, kuma har yanzu akwai kujerarsu a majalisar. A zamanin Baba wata tsohuwar malama ce mai sanda, ba ta cika magana ba, amma ita kaɗai ce ke shiga bayan gidan yara ta duba da idonta.

Ƙungiyar iyaye ta FCPE an kafa ta a 1947, amma ta daɗe tana magana daga waje. Guguwar 1968 ce ta buɗe wa iyaye ƙofar majalisun kolej da lise. Sannan aka yi abin da tsofaffin arewacin Paris ba su manta ba: ran 6 ga Fabrairu 1973 gobara ta tashi a kolej ɗin Édouard-Pailleron a arrondissement na 19, maƙwabtanmu. Mutum 20 suka mutu, 16 daga cikinsu yara. Ginin na ƙarfe ne da allunan da ba sa jure wuta, irin waɗanda aka yi ta kakkafawa cikin gaggawa a shekarun 1960, kuma cikin 'yan mintoci ya rufta. Iyayen yaran ne suka haɗu suka bi maganar har kotu. Daga nan ya yi wuya wani ya sake cewa ginin makaranta ba ruwan iyaye. Bayan dokar minista René Haby ta 1975, wata doka ta Disamba 1976 ta kawo zaɓaɓɓun iyaye cikin firamare, sai kuma dokar Lionel Jospin ta 10 ga Yuli 1989 ta rubuta ƙarara cewa iyaye ma 'yan gida ne a harkar ilimi.

To mu a ina muke a lokacin? Wanda bai san unguwarmu ba, ga ta: ƙarshen arrondissement na 18, inda babbar hanyar A1 ke shigowa ta haɗu da périphérique, gadoji a kan gadoji, layin dogo dama da hagu. Gidajen jan bulo na Charles-Hermite tun shekarun 1930 suke nan, an maƙale su tsakanin titin Ney da hanyar motoci. A Yulin 1981 minista Alain Savary ya ƙirƙiro ZEP, wato yankunan da za a fifita wajen ilimi, a ƙara wa waɗanda ba su da shi. A wannan bazarar ce kuma matasan Minguettes, kusa da Lyon, suka yi ta ƙona motoci har duk ƙasa ta san sunan unguwar. Mun taso muna jin cewa mu 'yan ZEP ne tun ba mu san ma'anar haruffan ba. A 2015 aka koma kiran su REP da REP+.

Abin da ya kai Baba cikin jerin sunayen ba siyasa ba ce, bayan gida ne. Ƙofofin sun lalace, babu sabulu, ni kuwa sai na daina shan ruwa da safe don kada in shiga. Umma ta gane, ta gaya masa. Shekara ɗaya kafin nan, ran 23 ga Agusta 1996, 'yan sanda suka fasa ƙofar cocin Saint-Bernard da gatari suka fitar da 'yan Afirka marasa takardu, tafiyar 'yan tashoshi daga gidanmu. Mutanenmu duk sun tsorata, har masu takardu. Abokan Baba suka ce masa, "Malam, baƙo ba ya sa sunansa a takardar Nasara da hannunsa." Ya ce shi dai ya ga 'yarsa na ƙin ruwa.

Na tambaye shi daga baya, na ce, "Baba, me kuke yi ne a can har dare?" Ya yi dariya ya ce, "Muna roƙon wanda ba shi da mabuɗi ya kai saƙo ga mai mabuɗi." Gaskiyarsa. Majalisar na da ikon amincewa da dokokin cikin gida na makaranta, tana ba da ra'ayi a kan kantin da tsabta da tsaron yara. Amma ba ta da ko sisin gyaran ƙofa. Darakta zai ce ba nasa ba ne, na meri ne. Wakilin magajin gari zai rubuta, ya ce zai isar. Abin da Baba ya koya, kuma ni ma na gada, shi ne ƙarfin wurin yana cikin rubutaccen bayanin zama. In aka rubuta magana a Nuwamba, a Maris sai ka ɗaga takardar ka ce ina aka kwana. Sai a zama na huɗu, wato shekara ta zagayo, aka canza ƙofofin.

Maganar jarrabawa ta fi wannan zafi, don a nan ko roƙo babu. A 1989 aka fara gwajin ƙasa baki ɗaya ga 'yan CE2 da 'yan aji na farko na kolej, Faransanci da lissafi, a farkon shekara. Ni na yi shi. Mushe na cike wasu ƙananan akwatuna da lamba, 1 in ka yi daidai, 9 in ka kuskure, 0 in ba ka amsa ba. An ce don malami ya gane inda yaro ke tuntuɓe ne, ba don a auna makarantu da juna ba. Amma a zaman majalisa darakta zai karanta sakamakonmu kusa da na ƙasa baki ɗaya, a yi shiru, sai wani ya ce ai yaran ba sa jin Faransanci a gida. Baba ya ba mu labarin ranar da ya kasa haƙuri ya ce, "Madam, 'yata na jin harsuna biyu, kuma kafin ta zo nan ta iya karatun allo. Wanne akwati kuka sa wannan?" Ba a amsa masa ba, amma an rubuta.

A 2009, zamanin minista Xavier Darcos, aka mai da gwajin zuwa CE1 da CM2, aka kuma yi na CM2 a Janairu a kan abubuwan da wasu ba a ma koyar ba tukuna. Malamai da dama suka ƙi aika sakamakon, iyayen FCPE suka mara musu baya. A 2012 aka daina tattara shi zuwa ma'aikata. Jean-Michel Blanquer ya dawo da abin daga 2017, a daidai lokacin da ya fara raba ajin CP gida biyu a makarantun REP+, yara wajen 12 a aji, kuma daga baya gwajin ya bazu zuwa sauran azuzuwa. A duk wannan kai da kawowa na shekara talatin ba a taɓa neman ƙuri'ar wata majalisar makaranta ba. Ni ba na cikin masu cewa a soke gwajin. 'Yata ta yi na CP, kuma takardar ta nuna mini abin da ban lura da shi ba a karatunta. Abin da ke ci mini rai shi ne a auna yaro sosai amma a ɓoye ma'aunin makarantar. Lambar da ke nuna halin zaman iyalan kowace makaranta, IPS, ma'aikatar ilimi ta daɗe da ita a aljihu, sai da wani ɗan jarida ya kai ƙara kotu ta ba shi gaskiya kafin a fito da ita a Oktoba 2022.

Inda iyayen arrondissement ɗinmu suka yi faɗa na gaske kuwa a 2017 ne, kuma da junansu suka yi. Kolej ɗin Hector-Berlioz da na Antoine-Coysevox kusa suke da juna, ɗaya cike da 'ya'yan talakawa da baƙi, ɗaya na masu hali. Majalisar birnin Paris ta haɗe yankunansu, aka riƙa shigar da yaran shekara ɗaya can, na shekara mai zuwa nan. Haka aka haɗa Marie-Curie da Gérard-Philipe, amma ta wata hanyar rabon. An yi zanga-zanga, an yi koke, an yi tarurrukan da maƙwabta suka daina gaisawa. Binciken da Julien Grenet da Youssef Souidi suka yi daga baya ya nuna cewa a Berlioz da Coysevox cakuɗuwar ta samu, kuma tserewar da aka yi tsoro zuwa makarantun kuɗi ba ta faru ba. Na je wasu daga cikin tarurrukan. Abin da na gani da idona: a ɗakin da ake yanke makomar 'ya'yanmu, baƙaƙen fuskoki ba su fi a ƙirga da yatsu ba.

Sai kuma abin da ke wajen katanga. Daga Nuwamba 2016 zuwa Maris 2018 cibiyar karɓar 'yan gudun hijira na bakin Porte ɗin, tantuna suka cika ƙarƙashin gadoji. Gefe guda ga tudun masu shan crack, wanda aka tarwatsa a ƙarshen 2019, mutanen suka gangara Stalingrad da lambun Éole, daga baya aka kwashe su zuwa Porte de la Villette. Iyaye na kawo maganar hanyar zuwa lakwal a kowane zama, amma 'yan sandan Paris na ƙarƙashin gwamnatin ƙasa ne, ba su da kujera a majalisar. Da aka buɗe Adidas Arena a Fabrairun 2024 don wasannin Olamfik, sai ga bishiyoyi da fitilu da faffaɗar hanyar ƙafa cikin 'yan watanni. Wata uwa ta ce ashe kuɗin na nan, badminton suke jira.

'Yan Lyon sun fi mu tsaurin ido, dole in faɗa. Gwaggona da ke Guillotière ce ta fara ba ni labarin Jamais sans toit, gamayyar iyaye da malamai da ta taso a 2014. Su ba sa jiran bayanin zama. In suka ji akwai yaron makarantarsu da ke kwana a titi da iyayensa, sai su shimfiɗa katifu a ɗakin motsa jiki na makarantar, su kwana tare da su har hukuma ta samo masauki. Gwaggo ta sha kai musu tukunyar shinkafa da wake. Ta ce, "Ke 'yata, a Damagaram wa ya taɓa barin baƙo ya kwana waje?"

A gida ma an bi irin wannan hanya. A Nijar an kafa kwamitocin COGES, kuma daga 2004 wani shiri da Japan ta tallafa ya fara a jihar Tawa, inda mutanen gari ke zaɓen 'yan kwamiti ta ƙuri'ar sirri. Wani kawuna a wajen Maraɗi ya yi wannan aiki. Su ne ke tara kuɗi su kafa ajin zana da hannunsu, abin da mu a nan doka ba ta ba mu ba. Mu kuma muna da meri mai kuɗi da za mu matsa wa, abin da su ba su da shi.

Har zuwa 2004 ƙuri'a ɗaya ce ga kowane gida, kuma a gidanmu an san wanda ke riƙe da ita. A shekarar aka canza doka, uwa da uba kowa da tasa. Autanmu na firamare lokacin. Umma ta ɗaura zaninta na biki, ta ce in raka ta in karanta mata sunayen. Muna tafiya Baba na bin mu a baya yana gaya mata jerin da ya kamata ta zaɓa. Ta ce, "Malam, ai an ce sirri ne." Har yau ba ta faɗi wanda ta zaɓa ba.

Bana sunana na cikin jerin makarantar 'yata. Zama na farko a Nuwamba ne, kuma abu na uku a ajanda shi ne bayan gida.