Sanyin Da Ke Dawowa Bayan Hunturu A Turai Da Amurka: Yadda Ake Karanta Hasashensa

Duk shekara, daga ƙarshen Fabrairu zuwa Mayu, za ku riƙa jin rahotanni daga Amurka da Turai cewa an yi hasashen ɗumi zai shigo da wuri, amma manoma na fargabar sanyi mai daskarar da ruwa ya dawo. Wanda ke zaune a Legas ko Fatakwal, ana fama da zufa a daidai wannan lokaci, zai ce ina ruwansa. To, akwai ɗan ruwanmu, musamman masu shayi da masu gidan burodi, da waɗanda 'ya'yansu ke karatu a can. Shi ya sa na tattaro bayanin wuri ɗaya.

Bari mu fara da suna. Lokacin da ake magana a kai shi ne wanda ke biyo bayan hunturunsu, daga wajen 20 ga Maris, sa'ad da dare da rana ke daidaita. 'Yan jaridarmu kan kira shi bazara, amma ni ban cika son wannan fassara ba, don bazararmu zafi ce mai ƙuna. Nasu lokaci ne da ƙanƙara ke narkewa, itatuwa su yi toho, su fid da fure. Lokacin toho zan kira shi a nan.

Abin mamakin shi ne, a tsakiyar hunturu sanyi ba ya yi wa itacen tuffa komai. Ya zubar da ganye ya kwanta barci, ko ma'auni ya sauka digiri 20 ƙasa da sifili yana iya jurewa. Matsalar tana farawa ne idan aka sami makonni biyu ko uku na ɗumi kafin lokaci. Itace ba ya duba kalanda, ɗumi yake ji. Sai ya farka, idon toho ya kumbura, ruwa ya cika shi, fure ya buɗe. A wannan hali ba shi da sauran kariya. Alƙaluman da masana aikin gona a Amurka ke aiki da su sun nuna cewa idan tuffa ta cika fure, rabin awa a digiri 2 ƙasa da sifili kan kashe kashi 10 cikin 100 na furen, idan kuma ya kai wajen digiri 4 ƙasa da sifili, kashi 90 ke tafiya. Kun ga ratar digiri biyu kacal ce tsakanin ƙaramar asara da rasa amfanin shekara guda.

Alkama ma haka. Wadda ake shukawa kafin hunturu a jihohi irin su Kansas da Oklahoma takan kwana ƙarƙashin dusar ƙanƙara lafiya lau. Da ta fara miƙe kara, awa biyu a digiri 4 ƙasa da sifili na iya lalata ta. Idan ta fid da kai tana fure, digiri 1 ƙasa da sifili ma ya isa. Gona za ta ci gaba da zama kore shar, sai an zo girbi a tarar zangarniya babu ƙwaya.

Sanyin kala biyu ne. Akwai wanda iska ke kwasowa daga yankin ƙanƙara na can arewacin duniya, ta ratso Kanada ko arewacin Turai da ƙarfi. Wannan babu dabarar da ke tare shi sosai. Akwai kuma na daren da gari ya yi tsit, babu gajimare, babu iska. Ƙasa takan saki zafin da ta sha da rana ya tafi sama, iska mai sanyi, da yake ta fi nauyi, ta gangara ta taru a kwari. Duk wanda ya taɓa kwana a gonar fadama da hunturu a gida ya san wannan: sanyin asuba ya fi cizo, kuma ya fi tsanani a gangare. Sau da yawa biyun kan haɗu, iska ta kawo sanyin, ta lafa, daren da ya biyo baya ya yi ɓarnar.

Da kala na biyun ne manoma ke iya kokawa. A gonakin inabi na Faransa sukan jera manyan kyandirori cikin gwangwani su kunna har gari ya waye. Wasu na da fanka mai tsayi kamar turken wuta, wadda ke janyo iska mai ɗan ɗumi da ke sama ta gauraya da ta ƙasa, masu hali har jirgi mai saukar ungulu suke haya don wannan aiki. Dabarar da ta fi ba ni sha'awa ita ce fesa ruwa. Ana yi wa itacen yayyafi duk dare har ƙanƙara ta lulluɓe furen, domin ruwa idan yana daskarewa yakan saki ɗan zafi, wanda ke riƙe furen a wajen sifili. Sharaɗin dai kada famfo ya tsaya kafin rana ta ɗaga, in ya tsaya ɓarnar ta fi ta wanda bai fesa ba.

Abin ya sha faruwa. A 2007 Amurka ta yi watan Maris mai ɗumi ƙwarai, sai a makon farko na Afrilu, daidai bikin Ista, sanyi ya rufto wa tsakiya da kudu maso gabashin ƙasar. An ƙiyasta asarar amfanin gona da kusan dala biliyan 2. A 2012 jihar Michigan ta ga zafin da ba a saba ba a Maris, sanyin Afrilu ya biyo, ta rasa kusan kashi 90 na tuffarta. A Afrilun 2021 Faransa ce ta sha, har firaministan lokacin, Jean Castex, ya sanar da tallafin yuro biliyan 1 ga manoma. A farkon Mayun 2024 kuma sanyi ya faɗa wa yankunan noman Rasha irin su Voronezh da Lipetsk da Tambov, aka ayyana dokar ta-ɓaci kan amfanin gona, farashin alkama ya tashi a kasuwar Chicago a cikin watan, kafin ya sauko a Yuni.

Yanzu ga yadda ake karanta hasashen, don a nan mutane ke ruɗewa. Hukumar NOAA ta Amurka na fitar da taswirar wata guda da ta wata uku. Abin da take faɗi kawai shi ne yiwuwar matsakaicin zafin lokacin ya ɗara yadda aka saba ko ya gaza. Ba ta ce kowane dare zai yi ɗumi ba. Wata na iya fin kowane wata ɗumi, dare ɗaya a cikinsa ya kashe fure. Hasali ma, idan na ga an ce toho zai zo da wuri, ni alamar haɗari nake ɗaukarsa, don furen zai daɗe a buɗe a kwanakin da sanyi bai gama sallama ba. Wanda ke son sanin daren kansa sai ya bi hasashen kwana 6 zuwa 10, sannan gargaɗin da ake bayarwa kwana ɗaya ko biyu kafin aukuwa. Haka nan "ranar sanyin ƙarshe" da ake rubuta wa kowane gari, tsaka-tsaki ce, wajen rabin shekaru sanyin kan wuce ta. Tsofaffin manoman Turai sun daɗe da sanin haka, shi ya sa da yawa ba sa fitar da dashen tumatir sai bayan 11 zuwa 13 ga Mayu, kwanakin da suke dangantawa da waliyyansu na ƙanƙara.

A lura, Amurka da ma'aunin Faranhait take aiki. Idan ɗanka da ke can ya ce an yi 32, sifili ke nan a namu na Salshiyas, 28 kuwa wajen 2 ne ƙasa da sifili. Kada ya ga rana ta fito a Maris ya tura rigunan sanyi ƙasan akwati.

Sai batun aljihunmu. Mafi yawan alkamar da injinan fulawa na Apapa ke niƙawa daga waje ake shigo da ita, Amurka da Rasha da Kanada na cikin inda ake sayowa. Don haka sanyin da ya taɓa alkamarsu na iya isowa buhun fulawa, amma ba a mako ɗaya ba, sai bayan watanni, kuma idan wata ƙasar ta yi girbi mai kyau takan cike giɓin. A ganina, farashin dala da kuɗin dakon kaya sun fi sanyin Kansas taɓa kuɗin burodi a Agege nesa ba kusa ba. Idan dillali ya ce maka fulawa ta tashi yau don jiya an yi ƙanƙara a Turai, ka tambaye shi yaushe jirgin ya iso.

Masu sayar da tuffa a tire kuwa, yawancin kayanku daga Afirka ta Kudu suke zuwa, can kuma lissafin a juye yake. Itatuwansu na fure ne wajen Satumba da Oktoba, su yi girbi daga farkon shekara zuwa wajen Mayu. Labarin sanyin Afrilu a Michigan bai shafi kwalin da za ku sara ba, na Western Cape a watan Satumba shi ne za ku saurara.