Rijiya a Ƙauyukan Hausawan Jazira: Daga Guga Zuwa Ma'auni

Tarihin rijiya a Jazira, yankin da ke tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu a Sudan, ya bi yanayin ƙasar wurin ne. Samanta baƙar laka ce mai kauri, wadda kan tsattsage da rani, ta kumbura da damina ta hana ruwan sama nutsewa. Ƙarƙashinta akwai yashi da tsakuwa masu riƙe ruwa, kuma mafi yawan wannan ruwa daga kogi yake tsattsafowa. Shi ya sa idan aka yi nesa da gaɓa sai rijiya ta ƙara zurfi, a wasu wurare ma ruwan ya zama zartsi.

Mutanen da suka yi hijira daga ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903 sun bi Muhammad Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Su ruwa bai ba su wuya ba. Wuyar ta faɗa wa waɗanda suka zauna can cikin fili, inda ake dogara da rijiyar hannu da guga, ko hafir, wato tafkin da ake haƙawa don tara ruwan damina.

A 1925 aka kammala madatsar Sinnar, noman auduga na Jazira ya kankama. Hausawa da dama, ciki har da mahajjata masu neman guzuri, suka shiga aikin ƙodago, suka zauna a sansanonin da ake kira kambo. Magudanan ban ruwa sun kawo ruwa har bakin ƙofa, amma sun kawo tsargiya da zazzaɓin cizon sauro. Wannan ne ya sa aka fara shirin lafiya na Shuɗin Nilu a 1979 da taimakon Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda samar da tsabtataccen ruwan sha yana cikin ayyukansa. Burtsatse mai inji da tanki, wadda mutanen Sudan ke kira donki, ta yaɗu a ƙauyuka, sai dai mazauna kambo su ne na ƙarshe a rabo.

Da famfuna suka yi yawa sai buƙatar sanin abin da ya rage a ƙasa ta taso. Nan rijiyar awo ta shigo. Ba a ɗibar ruwan sha a cikinta. Akan huda rami siriri da injin haƙa, a zura bututu mai ƙananan tsaga a daidai inda ruwa yake, a zuba tsakuwa kewaye da shi, sannan a toshe sama da yumɓu da siminti don kada ƙazanta ta gangara. A sa murfi da kwaɗo. Lokaci-lokaci ma'aikaci yakan zura igiyar awo ya rubuta zurfin ruwan, ya ɗebi kaɗan don gwajin gishiri da burbushin takin zamani. Awo ɗaya ba ya faɗin komai. Amfaninsa yana ga jerin shekaru.

Buƙatar awon ta ƙaru tun 2020, lokacin da Habasha ta fara cika babbar madatsarta a kan Shuɗin Nilu, domin rage ambaliya na iya sauya yawan ruwan da ke shiga ƙasa. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, wanda ya kai birnin Wad Madani na Jazira a Disambar shekarar, ya durƙusar da ayyukan ruwa da dama a yankin.