Yadda Tampa Bay Lightning ta mamaye kakar 2019, ta kuma fice a kwana bakwai

A ranar 16 ga Afrilu, 2019, ƙungiyar Columbus Blue Jackets ta doke Tampa Bay Lightning da ci 7 da 3 a filin Nationwide Arena da ke birnin Columbus na Jihar Ohio a Amurka. Wannan shi ne karo na huɗu a jere da ta doke ta cikin kwana bakwai, kuma da shi ne aka yi waje da Tampa a zagayen farko na wasannin fitar da gwani na gasar NHL, babbar gasar ƙwallon gora ta kan ƙanƙara a Amurka da Kanada.

Abin da ya sa lamarin ya shiga tarihi shi ne, Tampa ta gama kakar wasa ta yau da kullum da nasara 62 a wasa 82, adadin da ƙungiya ɗaya tak ta taɓa kaiwa kafin lokacin. Ita kuwa Columbus da ƙyar ta samu gurbi na ƙarshe a shiyyar Gabas, kuma tun da ta shiga gasar a shekarar 2000 ba ta taɓa tsallake zagaye ko ɗaya ba. Ba a taɓa samun ƙungiyar da ta fi kowa maki a kaka, aka ba ta kofin Presidents' Trophy, sannan aka fitar da ita a zagayen farko ba tare da ta ci wasa ko ɗaya ba, sai a wannan karon.

Yadda wasan da gasar suke

Ana buga wasan ne a kan fili na daskararriyar ƙanƙara, 'yan wasa na sanye da takalma masu ƙarfe a ƙasa da suke sulɓi da su. Kowace ƙungiya tana da mutum shida a fili: mai tsaron raga, 'yan baya biyu da 'yan gaba uku. Maimakon ƙwallo zagayayya, wani ɗan faifai ne na roba mai tauri ake kaɗawa da sanda zuwa raga. Wasa yana da zango uku, kowanne minti 20, kuma ana sauya 'yan wasa a kai a kai ba tare da an tsayar da wasa ba, saboda tsananin gudun da ake yi.

Idan ɗan wasa ya yi ƙaramin laifi, ana fitar da shi na minti biyu, ƙungiyarsa ta ci gaba da wasa da ragowar mutanenta. Wannan lokaci na rinjayen mutum ɗaya shi ne babbar damar zura ƙwallo, kuma sau da yawa a nan ake raba gardama.

An kafa NHL a 1917, kuma a kakar 2018-19 ƙungiyoyi 31 ne a cikinta. Kowacce tana buga wasa 82 daga Oktoba zuwa Afrilu. Nasara tana kawo maki biyu, wadda aka doke a ƙarin lokaci ko a bugun daga kai sai mai tsaron gida kuma ta samu maki ɗaya. Bayan haka ƙungiyoyi 16, takwas daga Gabas takwas daga Yamma, su shiga wasannin fitar da gwani. A kowane zagaye ƙungiyoyi biyu ne ke karawa har sai ɗaya ta ci wasa huɗu, don haka karawar ba ta wuce wasa bakwai. Wadda ta tsallake zagaye huɗu, wato ta ci wasa 16, ita ke ɗaukar kofin Stanley, wanda aka fara bayarwa a 1893, kuma Lord Stanley, Gwamna Janar na Kanada a wancan zamani, shi ne ya ba da shi.

A nan bambancin yake da gasar ƙwallon ƙafa ta Firimiyar Ingila, inda wadda ta fi maki ita ce zakara. A NHL, yawan maki yana ba ƙungiya damar fara kowane zagaye a gida da kuma haɗuwa da mai rauni a farko, amma ranar da aka fara fitar da gwani, kowa daga sifili yake tashi.

Kakar da Tampa ta yi

A ƙarƙashin koci Jon Cooper, Tampa ta ci wasa 62, aka doke ta sau 16 a cikin lokaci, sau huɗu kuma bayan ƙarin lokaci, ta tara maki 128. Nasarorin 62 sun yi daidai da tarihin da Detroit Red Wings ta kafa a kakar 1995-96. Ƙungiyoyin da suka biyo bayanta, Calgary Flames da Boston Bruins, kowacce maki 107 ta samu, wato tazarar maki 21. A tsawon wata shida ba a taɓa doke Tampa sau uku a jere ba.

Ɗan wasan gabanta Nikita Kucherov, ɗan ƙasar Rasha, ya ci ƙwallo 41 ya kuma taimaka aka ci 87, jimilla 128, wanda ya zarce 127 da Alexander Mogilny ya yi a kakar 1992-93, adadin da shi ne mafi yawa ga ɗan Rasha a gasar kafin lokacin. Daga baya an ba shi kyautar gwarzon kakar. Kyaftin Steven Stamkos ya ci ƙwallo 45, Brayden Point ya ci 41. Mai tsaron raga Andrei Vasilevskiy ya samu kyautar Vezina ta golan da ya fi ƙwazo, a baya kuma akwai Victor Hedman ɗan ƙasar Sweden, wanda aka zaɓa gwarzon ɗan baya a 2018. Babu ƙungiyar da ta kai Tampa cin moriyar rinjayen mutum ɗaya a kakar.

Ƙungiyar ta daɗe tana zagaya kofin. Ta kai wasan ƙarshe a 2015 Chicago ta doke ta, sannan a 2016 da 2018 aka fitar da ita a wasa na bakwai na ƙarshen shiyyar Gabas. Shi ya sa masana da magoya baya suka ɗauka cewa 2019 ce shekararta.

Cacar da Columbus ta yi

Columbus ta gama da maki 98, wato 30 ƙasa da Tampa. A karawa uku da suka yi a kakar, Tampa ce ta ci duka, ta zura ƙwallo 17 aka zura mata uku.

Sai dai a watan Fabrairu, shugaban harkokin 'yan wasa na ƙungiyar, Jarmo Kekäläinen ɗan ƙasar Finland, ya ɗauki wani mataki mai haɗari. Kwantaragin manyan taurarinsa biyu, ɗan gaba Artemi Panarin da mai tsaron raga Sergei Bobrovsky, yana gab da ƙarewa, kuma alamu sun nuna ba za su sabunta ba. A al'ada, ƙungiya takan yi musayar irin waɗannan 'yan wasa kafin a rufe kasuwa don kada ta tashi a tutar babu. Kekäläinen ya riƙe su, ya kuma ƙaro Matt Duchene da Ryan Dzingel daga Ottawa Senators, inda ya ba da damar zaɓen matasan 'yan wasa da ƙungiyar za ta yi a gaba. Duk da haka sai a wasanta na 81 Columbus ta tabbatar da gurbinta.

Kocinta John Tortorella kuwa ba baƙo ba ne a Tampa. Shi ne ya jagoranci Lightning ta ɗauki kofin Stanley na farko a tarihinta a 2004.

Wasanni huɗun

An buga wasan farko ranar 10 ga Afrilu a filin Amalie Arena da ke Tampa a Jihar Florida. Kafin a gama zangon farko Tampa ta zura uku ta hannun Alex Killorn da Anthony Cirelli da Yanni Gourde, har ana ganin an gama. A zango na biyu Bobrovsky ya tare wasu hare-hare da za su iya zama na huɗu, kyaftin ɗin Columbus Nick Foligno kuma ya farke ɗaya. A zango na uku David Savard ya ƙara, Josh Anderson ya farke ta uku a lokacin da ƙungiyarsa ke da ragin mutum ɗaya, sannan Seth Jones ya ci ta huɗu. Aka tashi 4 da 3.

Ranar 12 ga wata Columbus ta sake yin nasara a Tampa da ci 5 da 1, inda Duchene ya ci ɗaya ya taimaka aka ci uku. Gab da tashi, Kucherov, cikin fushi, ya banke ɗan bayan Columbus Markus Nutivaara da katangar fili alhali yana durƙushe. Hukumar gasar ta dakatar da shi wasa ɗaya. Bayan wasan, Cooper ya kwatanta halin da ƙungiyarsa ta shiga da gagarumar gobara.

Tampa ta je wasa na uku a Columbus ranar 14 ga wata babu Kucherov, babu kuma Hedman wanda rauni ya hana shi buga wasanni biyu na ƙarshe. Aka doke ta 3 da 1. Har zuwa wannan lokaci, Kucherov da Stamkos da Point, waɗanda a tsakaninsu suka ci ƙwallo 127 a kakar, babu wanda ya ci ko ya taimaka aka ci ko da ɗaya.

A wasa na huɗu Tampa ta farfaɗo har ta kai 3 da 3, amma kafin ƙarewar zango na biyu Oliver Bjorkstrand ya sake sa Columbus a gaba. A mintunan ƙarshe Tampa ta cire mai tsaron ragarta don ƙara ɗan gaba, kamar yadda ƙungiyar da ke baya takan yi, sai Columbus ta zura uku a ragar da babu kowa. A wasanni huɗun, Columbus ta ci ƙwallo 19, Tampa takwas. Ƙungiyar ta fitar da saƙo a Twitter tana ba magoya bayanta haƙuri.

Dalilan faɗuwar

Masu sharhi sun fi jaddada abubuwa huɗu. Na farko shi ne tsarin Tortorella. Ƙarfin Tampa yana cikin saurin miƙa faifai daga baya zuwa gaba, sai Columbus ta sa mutum ɗaya yana matsa wa mai riƙe da faifan, sauran huɗun kuma suka toshe tsakiyar fili. Hakan ya tilasta wa Tampa yin wasan ƙarfi a gefen katanga, inda Columbus ta fi ta nauyi.

Na biyu shi ne lokutan rinjayen mutum ɗaya. Columbus ta kiyaye yin laifi, don haka sau shida kawai Tampa ta samu irin wannan dama, ta ci ɗaya. Columbus ta samu goma, ta ci biyar.

Na uku shi ne mai tsaron raga. Bobrovsky, wanda ya taɓa cin kyautar Vezina sau biyu amma ake zarginsa da raunin zuciya a manyan wasanni, ƙwallo biyar kacal aka zura masa bayan zangon farko na wasan farko.

Na huɗu kuma shi ne halin da kowace ƙungiya ta shigo da shi. Tampa ta tabbatar da matsayinta na ɗaya tun a watan Maris, ta shafe makonni tana wasannin da babu abin da za su sauya mata. Columbus kuwa ta shafe waɗannan makonni tana fafutukar tsira, ta ci bakwai daga wasanninta takwas na ƙarshe. Da matsala ta zo, Tampa ba ta saba da neman mafita ba, kuma wasa huɗu bai ba ta lokacin koyo ba.

Akwai kuma dalili na tsarin gasar kanta. Tun daga 2005 NHL ta ƙayyade iyakar kuɗin albashin da kowace ƙungiya za ta kashe, wanda a kakar 2018-19 ya kasance Dala miliyan 79.5. Wannan ya rage tazarar da ke tsakanin manya da ƙanana. Fifikon da ke bayyana a wasa 82 yana iya ɓacewa a wasa huɗu, idan gola ya yi ƙoƙari ko tauraro ɗaya ya ji rauni. A shekarar 2019 ɗin, dukkan ƙungiyoyi huɗu da suka zo na ɗaya a rukunoninsu, Tampa da Washington da Calgary da Nashville, an fitar da su a zagayen farko, kofin kuma ya tafi ga St. Louis Blues, wadda a farkon Janairu ita ce ta ƙarshe a teburin gasar.

Abin da ya biyo baya

Columbus ba ta yi nisa ba, domin Boston ta fitar da ita a zagaye na biyu cikin wasa shida. A watan Yuli Panarin ya koma New York Rangers, Bobrovsky ya tafi Florida Panthers, Duchene kuma Nashville Predators.

Shugabannin Tampa ba su kori Cooper ba, ba su kuma tarwatsa taurarinsu ba. Sun ƙaro 'yan wasa masu juriya da ƙarfin jiki, irin su Pat Maroon da Blake Coleman da Barclay Goodrow. A watan Agustan 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka killace wasannin a Toronto da Edmonton, ƙungiyoyin biyu sun sake haɗuwa a zagayen farko. Wasan farko ya kai ƙarin lokaci har sau biyar, golan Columbus Joonas Korpisalo ya tare hari 85, kafin Point ya ci wa Tampa. Tampa ta tsallake da wasa huɗu da ɗaya, ta ɗauki kofin bayan doke Dallas Stars, ta sake ɗauka a 2021 a kan Montreal Canadiens, sannan Colorado Avalanche ta doke ta a wasan ƙarshe na 2022. Haka ya faru da Detroit, wadda bayan nasarori 62 a 1996 ta kasa kaiwa wasan ƙarshe, amma ta ɗauki kofin a 1997 da 1998.

Tarihin nasara 62 bai daɗe ba. A kakar 2022-23 Boston Bruins ta ci wasa 65 ta tara maki 135, ta kuma shiga gaban Florida Panthers da wasa uku da ɗaya a zagayen farko. Florida ta ci uku a jere, na ƙarshe a ƙarin lokaci a Boston ranar 30 ga Afrilu, 2023, kuma Bobrovsky ne a ragarta. Daga 1986 da aka fara ba da Presidents' Trophy zuwa 2025, sau takwas kacal wadda ta karɓe shi ta haɗa da kofin Stanley, kuma Chicago Blackhawks ce ta ƙarshe da ta yi hakan a 2013.